Sirrin Kaka a Bakin Najeeba

Inna Delu ta zo Gombe ne don a cire mata yanar ido, da niyyar yin sati uku. An yi aiki, ido ya buɗe tar, har ta koma zura zare a allura da kanta, amma ga shi ana cikin wata na takwas tana nan a unguwar Federal Low-Cost, gidan babban ɗanta Abdulrasheed, ko ƙafa ba ta ɗaga ba. Kuma a wata takwas ɗin nan babu ranar Allah da ba ta ce a mayar da ita Bichi ba. Da safe ta ce zafin garin nan zai ƙarasa ta. Da rana ta ce ruwansu ba ya kashe ƙishirwa. In an je da ita kasuwa ta dawo tana mitar mai nono ta zage ta da Fillanci, alhali baiwar Allah gaishe ta ta yi.

Duk ƙarya ce. To, ba irin ƙaryar da ake rubuta wa mutum zunubi ba, irin wadda tsohuwa mai mutunci take yi ce don kada a ce ta samu wuri ta miƙe ƙafa a gidan suruka. Gaskiyar magana, Inna Delu ba ta taɓa jin daɗin zama a duniya kamar na gidan nan ba. Ɗakinta ita kaɗai, da fanka mai juyawa, ga maƙwabciyar hira, ga jika mai kwana a bayanta. A Bichi kuwa, gidan autanta Iro, yara goma sha ɗaya ne da injin markaɗe a zaure. Amma ba fankar ce ta riƙe ta ba. Abin da ya riƙe ta shi ne gyaran muryar da take ji kullum in Abdulrasheed ya fito alwalar asuba, irin ta marigayi ubansa sak. Shekararsa arba'in da uku, kuma tun da ta yaye shi sai yanzu suka daɗe haka a gida ɗaya.

Ɗan fari ne, ita kuma Inna Delu mutuniyar da ce, mai kunyar ɗan fari ta gasken gaske. Tana yaye shi aka miƙa shi ga gwaggonsa a Kano, can ya tashi, can ya yi boko, har aikin gwamnati ya jefo shi Gombe. Ba ta taɓa kama sunansa ba. Ba ta haɗa ido da shi, ba ta yi masa magana kai tsaye. In ya durƙusa ya gaishe ta, bango take amsa wa. In abu ya zama dole sai ta ce da matarsa Bashira, "Ki ce da wancan," ko da wancan ɗin yana tsaye inuwarsa tana taɓa tabarmarta. Ko a addu'a, in ta jero Iro da sauran 'ya'yan kowa da sunansa, tana zuwa kansa sai ta ce, "da shi wanda Ka sani." A ganinta babu wani abin da ya ɓuya a nan. Wace uwa ce ba ta son ɗanta? Ai ya sani.

Jikar kuwa, Najeeba, ita ce gidan rediyon layin. Shekararta uku da 'yan watanni lokacin da kakar ta zo, kuma duk abin da ya shiga kunnenta da safe, kafin azahar ya kai layi na uku. Ita ta sanar da baƙi cewa Umma ta ɓoye naman kirki sai sun tafi. Ita ta gaya wa likitan ido cewa Kaka ba ta ɗiga maganin, ƙarƙashin katifa take tura shi. Kuma ba da mugunta take yi ba, fuskarta wasai, don ita a wurinta babu wani abu wai shi sirri. Abin da ta sani kowa ya sani, faɗa kawai take yi don daɗin baki. In ana wasan ɓuya sai ta tsaya a tsakar gida ta rufe ido da tafin hannu, ta gama ɓuya ke nan. In Baffa Iro ya bugo waya ya tambaye ta ko tana lafiya, sai ta gyaɗa wa wayar kai, ta ɗaga ƙafa ta nuna masa sabon takalmi. Kowa a gidan ya san hanya mafi sauri ta isar da saƙo ita ce a ja Najeeba gefe a ce mata kada ta gaya wa kowa.

Maƙwabciyarsu ta jikin katanga, Malama Hilda, mutuniyar Kaltungo, malama ce a kwalejin horar da malamai, masu koyar da ƙananan yara take koyarwa. Da yamma takan jawo kujerar roba su zauna da Inna Delu suna ɓarar gyaɗa. Ita ce ta hana a riƙa make bakin yarinyar. Ta ce akwai wasu sassa na ƙwaƙwalwa, ta ɗora yatsa sama da kunnenta can baya kaɗan, ta kuma taɓa goshi, waɗanda ba sa fara aiki sosai sai yaro ya kai wajen shekara huɗu. Kafin nan yaro bai gane cewa kan kowa da abin da ke cikinsa ba. Ran da suka nuna kuwa, zai gane wani yana iya rashin sanin abin da shi ya sani, har ma ya yarda da abin da ba haka yake ba. Inna Delu ta ce ita ta haifi bakwai, ba ta taɓa leƙa bayan kunnen kowa ba sai don wanke dauɗa, kuma a garinsu wannan ciwon sunansa surutu.

Abin ya zo wata guda bayan Najeeba ta cika huɗu, kuma a kan goro ya fara. Inna Delu ta tura ɓarin goronta ƙarƙashin matashi ta shiga wanka. Bashira ta zo sauya zanen gado, ta ɗauke goron ta ɗora kan taga, Najeeba tana zaune tana kallo. Tsohuwa ta fito ta miƙa hannu ƙarƙashin matashi, wayam. Ta ɗaga shi, ta kakkaɓe, ta leƙa bayan gado. Najeeba ta dubi taga, ta dubi kakarta, ta sake duban taga, idanunta suna ƙara girma kamar wadda ta tsinci abu a hanya. Sai ta toshe baki da hannu biyu, ta ruga wurin uwarta tana raɗa mai ƙarfi, "Umma, Kaka ba ta sani ba." Ta bar tsohuwa ta yi ta lalube har ta fara zargin ɓera, sannan ta kamo hannunta ta kai ta taga, tana dariya har da faɗuwa.

Daga ranar gidan ya shiga uku. Najeeba ta zama mai binciken abin da mutane ba su sani ba. Ta gano mai ruwa bai san sunan 'yar tsanarta ba, ta tsare shi ta gaya masa. Ta gano akuyar Malama Hilda ba ta san komai ba kwata-kwata, ta tausaya mata. Sai wata la'asar, bayan ta kasa kunne ta ji addu'ar kakarta tun daga Iro har ƙarshe, ta matso kan sallaya ta dafa gwiwar tsohuwa, da murya irin ta masu jaje.

"Kaka, ke ba ki san sunan Abba ba ko?"

Inna Delu ta ce ta tashi ta ba ta wuri.

"Ba komai," in ji Najeeba. "Zan koya miki."

Ta ɗauko tsinken tsintsiya ta tsaya kamar antinsu ta makaranta, ta ce Kaka ta ce "Ab". Kaka ta ce a'uzubillahi. Najeeba ta ce ba haka ba ne, a sake. Da ta ga ɗalibar tata ba ta da kai, sai ta rarraba sunan ƙanana-ƙanana, ta yi alkawarin biskit, ta ƙarfafa mata gwiwa da cewa akwai wata Joan a ajinsu da ita ma da ba ta iya komai ba, amma yanzu har goma take ƙirgawa. Kwana uku ana wannan darasi. Bashira tana kicin tana tura ɗankwali a baki don kada dariyarta ta fito, Inna Delu kuwa ta yi barazanar dukan da ba ta taɓa yi ba har ta gaji.

A kwana na huɗu Najeeba ta yi wani tunani da ya fi na baya zurfi. Mutumin da ba ka san sunansa ba, ba ka kallonsa, ba ka yi masa magana, to ai ba ka san shi ba ne gaba ɗaya. Da Abdulrasheed ya dawo daga ofis ya durƙusa gaisuwa, sai ta riƙo hannunsa da hannu ɗaya, ta riƙo haɓar kakarta da ɗayan, ta juyo da fuskar tsohuwa daga bango da ƙarfin tsiya.

"Kaka, wannan Abba ne. Ɗanki ne. Ba ya cizo."

Malama Hilda, da ke kan kujerar roba, sai da gyaɗa ta sarƙe ta. Abdulrasheed ma ya yi dariya, amma gajeriya, idonsa a ƙasa. Ita kuwa Inna Delu kunya ta rufe ta har ta rasa inda za ta sa kanta, kuma tsohuwa in ta ji kunya faɗa take yi. Ta fizge haɓarta, ta ɗaga murya ta ce da Bashira ga irin tarbiyyar garin nan, ita ta gaji, wallahi ta gaji, a mayar da ita gidan Iro inda aka san mutuncin manya. Ta faɗi haka sau ɗari a baya, sai dai ba ta taɓa haɗawa da rantsuwa ba. Abdulrasheed ya miƙe a hankali ya shige ɗaki. Washegari Litinin, bayan ya gaishe ta, ya gaya wa bangon da take kallo cewa ya yi magana da Iro, ya kuma nemi izini a ofis, ranar Asabar da sassafe zai kai ta Bichi da kansa. Ya ce ta yafe musu daɗewar da suka sa ta yi.

Inna Delu ta ƙura wa bangon ido. Ta ce, "Madalla," don me za ta ce?

Amma ba ta karaya ba tukuna, don ta san tsarin duniya. Suruka za ta zo ta roƙe ta ta zauna, ita kuma ta ƙi. A sake roƙo, ta sake ƙi. A na uku sai ta yi ajiyar zuciya ta ce to, saboda yarinyar nan, ta ƙara wata ɗaya. Haka ake yi tun kaka da kakanni. Bashira kuwa ta zo, har da ƙwalla, ta ce Inna da kin ƙara ko wata biyu. Inna ta ce ina. Bashira ta ce don Allah Inna. Inna ta ce sam. Ta gyara zama, ta tanadi ajiyar zuciyarta, tana jiran na uku. Sai Bashira, 'yar unguwar Pantami ta nan Gombe da ba ta san ƙirgen mutanen Bichi ba, ta share ido ta ce to ba za su takura mata ba, ta sa hijabi ta tafi kasuwa sayen tsaraba. Ta dawo da wake rabin buhu, da man shanu, da barkono. Inna Delu ta dubi waken nan kamar shi ya yi mata laifi.

Ta gwada wasu dabarun. Ta ce idon hagu yana yi mata yaji. Wancan ya kai ta asibiti ranar Talata, likita ya haska ya ce idonta ya fi nasa. Ta ce ta ji ana cewa hanyar Dukku ta lalace. Wancan ya ce ta Bauchi za su bi. Komai ta jefa sai ya tare shi da ladabi ya gyara mata hanya, har ta fara jin haushin tarbiyyar da gwaggonsa ta yi masa.

Ranar Laraba da hantsi dabarar gaske ta faɗo mata, har ta yi mamakin yadda ba ta tuna ba tun farko. Ga rediyo a gida tana wahalar da kanta. In Najeeba ta kai maganar, wancan zai ji, zai fasa tafiyar, ita kuma ta ce shirmen yara ne, kowa ya tsira da mutuncinsa. Ta kira yarinyar ɗaki, ta tura ƙofa, ta ɗora ta a cinya. Ta gaya mata a kunne cewa Kaka ba ta son tafiya Bichi ko kaɗan, nan take so ta zauna, kusa da Najeeba, kusa da uban Najeeba. Wannan na ƙarshen ba ta taɓa jin sa a bakinta ba sai ran nan. Sannan ta murɗa makullin da bai taɓa ƙin tashi ba.

"Kada ki gaya wa kowa. Musamman ubanki."

Najeeba ta dube ta. Ta gyaɗa kai a hankali, ta ce, "Abba bai sani ba." Kaka ta ce bai sani ba. Yarinya ta sauka daga cinya ta fita, tana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da nono.

Inna Delu ta shimfiɗa tabarma da wuri ran nan. Ƙarfe huɗu da rabi mota ta shigo, Najeeba ta ruga ta rungume ƙafar ubanta, tsohuwa ta juya wa bango fuska ta baza kunne. Najeeba ta ba shi labarin akuya, da labarin Joan, da na wani ƙadangare mara wutsiya. Shi ke nan. Da ta zo wucewa ta gaban tabarma sai ta kanne wa kakarta ido biyu a lokaci ɗaya, don ba ta iya kanne ɗaya ba tukuna, ta dafe bakinta da yatsa.

Alhamis ma haka. Inna Delu ta aike ta wurin uban sau biyar, da goro, da tsinken sakace, da tambayar ƙarfe nawa. Sau biyar tana dawowa tana ƙyalli da alfahari. Tsohuwa ta jawo ta ta ce ai sirrin nan ba wani mai nauyi ba ne, in ya suɓuce ma ba komai. Najeeba ta ce ba zai suɓuce ba. Tsohuwa ta ce ai uba ba kowa ba ne. Najeeba ta tuna mata cewa ita da bakinta ta ce musamman shi. Bashira da ta ga ana ta ƙus-ƙus ta tambayi abin da ake ciki, sai yarinyar nan da ba ta taɓa riƙe magana minti biyar ba ta dubi uwarta ido cikin ido ta ce maganar ƙadangare suke yi.

Ranar Juma'a da yamma Inna Delu ta kai ƙara wurin Malama Hilda, a kaikaice, wai labarin wata tsohuwa ce a Bichi da jikarta. Malama Hilda ta saurara har ƙarshe, sannan ta ajiye farantin gyaɗa ta yi dariya har da hawaye. Ta ce ai shi ne abin da take faɗa tun ran nan. Yaron da ya gane wani bai sani ba, shi ne yaron da zai iya barinsa cikin rashin sanin. Da riƙe sirri da iya ƙarya duk rana ɗaya suke isowa. Ta ce da tsohuwar Bichin ta yi dabararta wata biyu da suka wuce, da tuni magana ta kai har unguwar Kagarawal.

"Mama, ki bari ni in gaya masa," in ji Malama Hilda.

Inna Delu ta ce Allah ya kiyaye. Maganar yaro ana iya musanta ta, amma a ce ta aiki babbar mace, maƙwabciya, ta je ta roƙar mata wurin zama a gidan ɗan fari? Gara ta hau waken nan ta tafi Bichi a kansa. Malama Hilda ta ce to saura mutum ɗaya ke nan da zai iya faɗa. Inna Delu ta yi kamar ba ta ji ba, ta ce gyaɗar bana duk ƙwari.

Asabar ta zo ba ta tambayi kowa ba. Ƙarfe bakwai Abdulrasheed ya gama ɗaure kaya, wake a but ɗin mota, man shanu a ƙarƙashin kujera. Malama Hilda ta fito da ɗan ƙunshin daddawa, suka yi sallama, Bashira tana share hawaye. Inna Delu ta yafa mayafin tafiya ta tako har bakin mota. Najeeba tana tsaye jikin ƙofar mota, hawaye shaɓe-shaɓe, majina har leɓe, amma hannayenta biyu suna kan bakinta, ta danne shi gam. Uban ya tsuguna ya tambaye ta abin da ya same ta. Ta girgiza kai. Ya ce ko cikinta ne. Ta dubi kakarta ta saman yatsu, irin kallon da ke cewa kin gani, ban faɗa ba.

Wannan kallon ne ya karya Inna Delu. Yarinya 'yar shekara huɗu tana shaƙe kanta don ta riƙe mata amana, ita kuma gandamemiyar tsohuwa tana laɓe a bayanta. Ta ji tausayi, ta ji kunyar da ta fi ta ɗan fari. Ta dubi ƙyauren gida ta ce, "Najeeba, na sake ki. Ki gaya wa ubanki."

Najeeba ta sauke hannu, ta ja numfashi, ta dubi uban da ke tsugune a gabanta, ta dubi kakar da ke tsaye taku ɗaya daga shi. Ta yi lissafinta.

"Ai yana ji, Kaka. Ga shi nan. Ki gaya masa."

Inna Delu ta nemi bango, babu bango kusa, sai madubin mota, shi ma fuskarta ya nuna mata. Ta ƙura wa tayar baya ido ta ce, da murya kamar ta mai faɗa, ita ba ta son tafiya. Ba ta taɓa so ba.

Abdulrasheed bai tashi daga tsugunen ba, juyowa kawai ya yi. "Inna, wata takwas kullum kina cewa a mayar da ke."

"To me zan ce? In ce na ji daɗin gidan? Da bakina?"

Mutum ne mai furfura a gemu, mai mutane a ƙarƙashinsa a ofis, amma da ya buɗe baki muryar da ta fito ba ta ofis ba ce. Ya ce shi ya ɗauka haƙuri take yi da shi. Ya ce tun yana yaro, in an kawo shi Bichi hutu ya ga tana goya Iro tana yi masa wasa, shi kuma ta wuce shi kamar turmi, ya san al'ada ce, an gaya masa al'ada ce, amma bai taɓa sanin abin da ke bayan al'adar ba. Ya ce ya yi ta jira ko wata rana wani zai gaya masa, ba wanda ya gaya masa, shi kuma ya ji nauyin tambaya.

Inna Delu ta ji abin ya soke ta har ƙashi. Shekara arba'in da uku tana tsaye a tsakar gida da hannu a kan ido, tana zaton abin da ke cikin ranta yana cikin nasa. Duk daren da ta kwana kuka bayan an tafi da shi Kano, duk azumin da ta yi lokacin jarrabawarsa, ita kaɗai ta san su, ita da wanda take ce wa Ka sani. Ta so ta faɗi wannan duka, amma bakin da ya yi shekara arba'in a rufe ba ya buɗewa gaba ɗaya rana ɗaya.

Malama Hilda ta tuna ta bar wani abu a wuta, ta ja hannun Bashira su je su duba shi tare. Najeeba ta share majina da hannun riga, ta tambaya ko yanzu an yarda ta gaya wa mai ruwa.

Inna Delu ta ɗago kai daga tayar. Da idon da aka gyara mata a Gombe ta dubi ɗanta, sosai, tun daga hula har takalmi, shi kuma ya sunkuyar da kai don bai saba ba. Ta ga ƙashin wuyansa a fili, ta ga tabo a gefen girarsa da ba ta san ranar da ya same shi ba.

"Ka rame," in ji ta. "Ka karya kuwa?"

Ya girgiza kai. Ta ce to ya sauke mata waken nan, ya ɗebo kofi biyu ya kawo mata kicin. Ta juya ta shige gida da mayafin tafiyar a kanta, tana faɗan cewa mutum da girmansa zai kama hanyar Kano da cikin wofi.